Tambayi Injiniya: Wayar da ta ishi gida ba lalle ta ishi filaza ba

Yawancin wasiƙun wannan watan a kan wayarin shaguna da wuraren sana'a suke, saboda haka na ɗaga tambayoyin sola da na mita zuwa fitowa ta gaba. Na taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina filaza a Kano, shago 16, takwas a ƙasa takwas a sama. An yi rufi, saura filasta. Mai wayarina ya ce a sayo waya mai lamba 1.5 da 2.5 kawai, a binne fayif a bango kamar yadda ya yi mini a gidana, shekara tara ke nan ba matsala. Wani abokina kuma ya ce kada in yi sai na nemi shawara. Ina gaskiyar take?
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a ginin. Ka gode wa abokin nan naka, domin ya tsayar da kai a lokacin da gyara bai wuce na baki ba. Da an yi filasta, sai fasa bango.

A gidanka ka san abin da za a kunna: fanka, firji, talabijin, dutsen guga, wataƙila AC ɗaya ko biyu. A filaza ba ka sani ba. Shagon da tela ya kama bana da keke ɗaya, baɗi mai kifi ne zai shiga da firiza uku, bayan shi mai fotokwafi ko mai wanki da guga. Duk wanda ya shigo, cusa nasa zai yi a soket ɗin da ya tarar, ba zai tambayi kaurin wayar da ke bayan filasta ba.

Bari in ba ka lissafin, don ka iya zama da mai wayarinka ku duba tare. Waya mai lamba 2.5, wato murabba'in milimita 2.5 a kaurin tagullarta, idan tana cikin fayif, littafin ƙa'idar wayarin ya ba ta amfiya 24, wato yawan wutar da za ta iya ɗauka. Amma an rubuta wannan adadi ne bisa zafin digiri 30. Wane digiri 30 a Kano a watan Afrilu? A inuwa ma muna haura 40, balle tsakanin kwano da silin. Idan muka ɗauki digiri 45, ana ninka 24 da 0.79, ta sauko kusan 19. Idan kuma aka haɗa layi huɗu a fayif ɗaya, kowanne yana gasa ɗan'uwansa, sai a sake ninkawa da 0.65. Abin da ya rage bai kai amfiya 13 ba. Wayar da aka ce ta 24 ce ta koma rabi, kuma ba wanda ya taɓa ta, zafi da cunkoso ne kawai.

Na ga wannan da idona. Wata bazara aka kira ni wata filaza saboda wani shago yana warin ƙonannen roba, an duba soket-soket ba a ga komai ba. Na hau cikin silin da misalin ƙarfe biyu na rana, minti biyar ban iya yi ba sai na sauko na sha iska, riga ta jiƙe sharkaf. Da na koma na yanka fayif ɗin, wayoyi tara na ƙirga a ciki, sun manne da juna. Na ja ɗaya, robar ta marmashe a hannuna kamar ƙanzo, tagullar ta yi baƙi. Mai ginin yana tsaye a ƙasa yana ce mini, "Ai birekan nan bai taɓa faɗuwa ba." Na buɗe akwatin, sai ga bireka mai amfiya 32 a kan waya 2.5. Ashe da can mai 20 ne, yana yawan faɗuwa, wani ya cire ya sa babba don a huta. Bireka wayar yake gadi. Idan ya fi ƙarfinta, to ita ce ta zama fis, kuma a cikin silin za ta ƙone, inda ba mai gani. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba zai so ya kwana da irin wannan a kansa ba.

Sai kuma nisa. Kowace mita ta waya tana cin ɗan ƙarfin wuta. A ce shagon ƙarshe a sama yana da nisan mita 45 daga inda mitoci suke, yana jan amfiya 20. Da waya 2.5 za ka yi asarar bolt 16 a hanya, alhali iyakar da aka yarda da ita kashi 5 cikin 100 ne, wato bolt 11.5 a kan 230. Da waya 4 asarar ta koma kusan 10, da waya 6 ba ta kai 7 ba. Ka tuna wutar da kamfanin rarraba wuta na KEDCO ke kawowa ma ba kullum take cika 230 ba. Idan ta zo a raunane, waya ta ƙara rage ta, kwamfuresar firiza ce ke shan wahala, tana gunji ba ta tashi, har ta ƙone, ɗan haya ya zo yana cewa wutar gininka ba ta da kyau.

Da ni ne, ga yadda zan yi. Kowane shago ya samu layinsa daga ɗakin mita, kada ya gaza waya 6, manyan shagunan gaba da na nesa a ba su 10. A cikin shago a sa ƙaramin akwatin bireka: 1.5 ga fitilu da fanka, 2.5 ga soket, layin AC dabam da waya 4. Mai wayarinka bai yi kuskure a kan 1.5 da 2.5 ba, a cikin shago wurinsu ne. Inda ya gajarta shi ne hanyar da ke kawo wutar zuwa shagon.

Batun binne fayif kuwa, a cikin shago ban ƙi ba, sai dai a sa mai milimita 25 maimakon 20, kada a cika shi fiye da kashi 40 cikin 100, kada kuma a yi kwana fiye da biyu ba tare da akwatin jan waya a tsakani ba. Amma manyan layukan da ke bin baranda, kada ka binne su. A sa tiren ƙarfe mai huji-huji ko tarankin ƙarfe mai murfi, wato dogon kwararon da ake jera wayoyi a ciki, a saman baranda, can inda hannu ba ya kaiwa, a haɗa shi da wayar at, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, daga farko har ƙarshe. Iska tana ratsa wayoyin, ido yana ganinsu, ranar da mai firiza uku ya zo sai a buɗe murfi a ƙara masa layi cikin wuni ɗaya. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tiren fanko saboda wannan ranar. Haka nan tsakanin ƙasa da sama a bar rami guda na hawan wayoyi, a toshe shi da abin da wuta ba ta ci bayan an gama, don kada ya zama hanyar hayaƙi.

Na san kuɗin zai ɗaga. Amma ka kwatanta shi da kuɗin tayil da ƙofofin gilashi da za ka sa, za ka ga bai kai ya sa ka ja baya ba.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Na sayo nadi goma na waya 2.5 a farashi mai sauƙi, mai shagon ya rantse tagulla ce zalla. Yaron da ke yi mini aiki ya ce ba ta da nauyi. Yaya zan gane?
Wani mai gina shaguna, Gusau

Amsa: Malam, hannun yaron nan ya gaya masa gaskiya, kada ka raina shi. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka yi mata fenti da tagulla, ido ba ya rabewa sai an gwada. Ka feɗe ɗan guntu, ka kankare silin ɗaya da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, magana ta ƙare. Ko ka kunna masa leta: tagulla za ta yi ja ta tsaya ƙyam, domin sai ta haura digiri 1,000 take narkewa, alminiyam kuwa a 660 yake sallamawa, za ka ga silin ya lanƙwashe ya zube.

Akwai kuma wadda tagullar gaske ce amma an rage mata kauri aka cika da roba, an rubuta 2.5 alhali ba ta kai 2 ba. Wannan sikeli ne maganinta. Tagullar da ke cikin mita 100 na waya 2.5 ita kaɗai ta haura kilo 2, da roba nadin yana kaiwa wajen kilo 3. Idan kana da mai na'urar awo mai kyau, ya auna nadin daga baki zuwa baki, ya kamata ya ga kusan om 0.74, wato ma'aunin turjiyar waya ga wuta. Idan ya ga 1 ko sama da haka, akwai magana. Ka kuma auna tsawon nadi ɗaya, domin wani ana ce masa mita 100 amma yadi 100 ne, wato mita 91, wani ma bai kai nan ba.

Muna da masana'antun waya na gida da suka daɗe suna aiki, irin su Cutix a Nnewi, da Coleman, da Nigerchin, kuma wayar gida mai shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON ba ta jin kunya a gaban ta waje. Sai dai duk sunan da ya yi kyau akwai masu kwaikwayonsa, don haka ka saya wurin dillalin da kamfani ya sani, ka karɓi rasit, ka duba rubutun da ke jikin wayar kanta, kada ka tsaya ga na leda.

Wani zai ce ai wayar NEPA da ke kan falwaya ma alminiyam ce. Haka ne, kuma ba laifi ba ne a yi aiki da alminiyam a manyan layuka, daga milimita 16 zuwa sama, idan an san shi ne, aka ƙara masa kauri saboda sauƙin ratsawar wuta a cikinsa kusan kashi 61 cikin 100 ne na wanda tagulla ke da shi, aka kuma sa masa irin nasa kan haɗi. Haɗarin shi ne a ba ka alminiyam da sunan tagulla ka yi lissafin tagulla da shi. A bakin soket yake fara sakin jiki, ya yi zafi, ya ƙone. Idan gwajin ya nuna haka, ka mayar da nadi goman nan, ko da za ka yi asarar kuɗin mota.

Tambaya: Ranka ya daɗe, muna da taransifoma tamu da janareta a bayan otal ɗinmu, nisan kamar mita 60 zuwa babban akwatin wuta. Mai aiki ya ce a zura wayoyi huɗu cikin fayif ɗin roba a binne, kuma nutural, wato wayar dawowar wuta, a sa ƙarami tunda ba ya ɗaukar wuta. Ya halatta?
Manajan wani otal, Katsina

Amsa: Ban yarda da ko ɗaya ba, Malam. Abin da za a binne a ƙasa, inda mota za ta taka, inda wata rana wani zai zo da diga yana haƙar kwata, waya mai sulke ake sa wa, wadda muke kira amod. Ka nemi mai ciki huɗu, mai rufin robar XLPE, domin tana jure digiri 90 inda mai rufin robar PVC da aka saba ke tsayawa a 70. A haƙa kamar santimita 60, a shimfiɗa yashi mai laushi, a kwantar da ita, a sake rufawa da yashi, a jera bulo ko silab a kai, sannan ledar gargaɗi kafin a cike ramin. Inda za ta ratsa hanyar mota a zura ta cikin babban bututu. Sulken nan kuma a kama shi da gilan na tagulla, wato maɗaurin bakin waya, a bakin akwati, a haɗa da at. Sau da yawa nakan tarar an yanke sulken an naɗe da salatif, an bar shi yana lilo.

Maganar nutural ita ta fi tayar mini da hankali. A takarda, idan sauran layuka ukun sun yi daidai wa daida wajen jan wuta, nutural ba ya ɗaukar komai. A otal yaushe suka taɓa yin daidai? Ɗakunan wannan ɓangare cike, na wancan babu kowa, kicin yana kan layi ɗaya. Ga fitilun LED da talabijin da caja da inbata, waɗanda irin wutar da suke ja taruwa take yi a nutural maimakon ta kashe juna. Ranar da siririn nutural ya ƙone ko ya kwance, wutar wasu ɗakuna za ta haura ta nufi bolt 400, ta wasu ta faɗi, cikin minti ɗaya ka rasa talabijin da AC na rabin otal. Nutural ya zama kauri ɗaya da sauran, a ɗaure shi tamau, a riƙa duba shi. Canjoba tsakanin janareta da wutar gari ma ta zama mai ƙafa huɗu, mai yanke nutural tare da layukan.

Tambaya: Injiniya, ina da gidan abinci. Sau uku ana canza wayar kicin, kullum ɓera ya ci ko ta narke a bayan murhu. Na gaji.
Wata mai gidan abinci, Kaduna

Amsa: Sannu Hajiya. Na tabbata farin tarankin roba aka manna miki a bango, shi kuwa ba na kicin ba ne. A sa fayif ɗin ƙarfe mai rufin galbanais, a toshe duk bakinsa, haƙorin ɓera ba ya kama shi. A ɗauke hanyar wayar gaba ɗaya daga bayan murhu da saman tukwane, ko da za a yi zagaye. Soket su zama masu murfi, sama da inda ruwan wanke-wanke ke fantsama. Abu ɗaya da zan roƙe ki kada ki bari a tsallake: a sa wa layukan kicin na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta ɓalle ta bi jikin mutum ko ƙarfe, a kuma haɗa fayif ɗin da teburan ƙarfe da wayar at. 'Yan matan da ke miki aiki da jiƙaƙƙen hannu suke taɓa firiza, wasu ba takalmi. Akwai maɓallin gwaji a jikin na'urar, ki riƙa danna shi lokaci-lokaci ki ga ta yanke.

Tambaya: Muna gyaran wani gini za mu mayar da shi asibiti mai gado 20. A takardar kayan aiki an rubuta waya marar hayaƙi, kuma ta fi ta kullum tsada. Dole ce, ko dai ƙarin kuɗi ne kawai?
Wani likita, Zariya

Amsa: Likita, kai ka fi ni sanin abin da hayaƙi ke yi wa huhu. Robar PVC idan ta kama wuta tana fitar da baƙin hayaƙi mai kauri da iskar haidurojin kulorayid, wadda da ta haɗu da danshin ido da maƙogwaro take zama asid. A shago mutum zai ruga waje cikin daƙiƙa goma. Mai jinya da ke kan gado da ƙarin ruwa a hannu ba zai iya ba. Wayar da aka rubuta maka, wadda ake yi wa alamar LSZH, ita ma tana ƙonewa, amma hayaƙinta kaɗan ne kuma babu wannan gubar. Idan kuɗi ya yi wuya, a fara da ɗakunan kwanciya da baranda da matakala. Kada a sa ta kuma a cikin tarankin PVC, an yi ba a yi ba ke nan.

Kada a rikita ta da waya mai jure wuta, wadda ke ci gaba da aiki tana cikin harshen wuta. Wannan ta ƙararrawar gobara ce da fitilun gaggawa. Sannan duk wayar da ke saman baranda a riƙe ta da maƙalin ƙarfe. A 2010, a wani dogon bene mai suna Shirley Towers a Southampton ta Ingila, 'yan kwana-kwana biyu sun rasu a gobarar da tarankin roba ya narke wayoyi suka zubo suka harɗe masu aikin ceto. Bayan irin wannan ne ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda mu ma muke yawan aiki da ita, ta wajabta maƙalin da wuta ba ta narkarwa.

Tambaya: Oga, ni ɗan koyo ne. Za mu yi wayarin ofis, maigidana ya ce in zura wayar intanet da ta kyamara tare da ta wuta a tarankin ɗaya don a rage aiki. Na ji wani iri amma ban iya musu ba.
Wani ɗan koyo, Sakkwato

Amsa: Ƙanena, jin da ka yi daidai ne. Wayar wuta tana jefa wa ta intanet hayaniya, hoton kyamara ya riƙa rawa, kuma idan roba ta feɗe, bolt 230 zai bi siririyar waya ya shiga kwamfutar mutane. Akwai tarankin mai ɗaki biyu ko uku da aka yi domin wannan, ko a ja hanya biyu da tazara. Inda dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Wayar intanet kuma kada ta wuce mita 90 daga na'ura zuwa soket ɗin bango.

Ba sai ka yi musu da maigidanka a gaban mai aiki ba. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Oga, ko mu tambayi kuɗin mai ɗaki biyu?" Yawanci bambancin ba shi da yawa. Tunda kuma kana koyo, ka riƙe wannan tun yanzu: a tsohon launi baƙar waya nutural ce, a sabon launi baƙa layi ce mai wuta, shuɗiya ce nutural, alhali a tsohon shuɗiya layi ce. Gine-ginenmu cike suke da duka biyun a akwati ɗaya. Ka gwada kowace waya da na'ura kafin ka taɓa, ka manna mata suna. Idan kun gama, kafin a saki wuta, ku auna rufin wayoyin da na'urar mega, mai gwada ingancin robar, a kan bolt 500, kada ya gaza megom 1, ka rubuta sakamakon kowane layi a takarda ka liƙa a cikin murfin akwatin. Idan ka ƙware ka nemi shaidar hukumar NEMSA, ita ke tantance masu wayarin a Najeriya, kuma manyan ayyuka suna tambayarta. Allah ya yi maka jagora, ka rubuto ka gaya mini yadda kuka ƙare da Oga.